Sanyin Manchesta, hazon Kano da auren ƙanwa: amsa ga mai son zuwa gida a Disamba

Daga Bolton, kusa da Manchesta a Ingila, wannan wasiƙa ta zo. Ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ɗan Kano ne, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. A watan Afrilu na shigo ƙasar nan, ban taɓa ganin sanyinta ba, iyalina kuma suna gida. Za a ɗaura auren ƙanwata ranar 27 ga Disamba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, Hajiya ta ce zuwa da kai ya fi saƙo. An ba ni hutun mako biyu. Tikitin da nake shirin saya iyakarsa Abuja, na Kano daban zan saya. A dawowa zan sauka Manchesta ranar 2 ga Janairu da yamma, in shiga duti washegari da safe. To kullum sai an turo mini bidiyo a WhatsApp cewa bana za a yi dusar ƙanƙarar da ba a taɓa gani ba, har filayen jirgi za a rufe. Gaskiya ne? Ga ɗakin da nake haya ya fara danshi, kuɗin wuta yana ba ni tsoro, wani abokin zamana ya ce mu riƙa hura gawayi a kasko kamar gida. Sannan wani kamfani ya ba ni aiki mai ɗan gwaɓin albashi, suna so a tura takardun canjin bizata a farkon Disamba. Na kuma sabunta fasfona a Landan kwanan nan. In tafi ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya albarka a wannan aure. Amsata ita ce ka tafi, amma ba da wannan tsarin da ka zayyana ba. Dusar ƙanƙarar da ke hana ka barci ita ce ƙaramar matsala a wasiƙarka. Manyan suna cikin abubuwan da ka ambata a wuce: gawayin nan, takardun canjin aiki, da dare ɗaya tak da ka bari tsakanin saukarka da dutinka.

Mu fara kawar da bidiyon. Duk shekara, da zarar an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, wasu jaridun ƙasar nan da masu neman mabiya a TikTok suke fara yaɗa taswirori masu shuɗi da shunayya, a ce ga ranar da ƙanƙara za ta binne Birtaniya. Yadda abin yake, kwamfutocin hasashe suna fitar da sakamako iri-iri a kowace rana, sai a tsinci mafi ban tsoro a ciki a yi kanun labari da shi. Hasashen kwana uku zuwa biyar abin dogaro ne. Na kwana goma yana nuna inda aka dosa ne kawai. Abin da ya wuce nan kuwa, ko hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Office, da "mai yiwuwa" take magana. Duk wanda ya ce maka tun Nuwamba ya san abin da sama za ta yi a Manchesta ranar 20 ga Disamba, bai sani ba.

Abin da za a iya gaya maka da gaskiya shi ne halin wurin da kake zaune. Arewa maso yammacin Ingila yana fuskantar Tekun Atlantika, daga can kuma iskar hunturu ta fi zuwa, ɗauke da ruwa. Saboda haka farkon sanyi a yankinku ruwa ne da iska da gajimaren da ke kwana da kwanaki bai yaye ba. A Disamba da rana ma'auni yakan tsaya wajen digiri 6 zuwa 8, da dare ya sauko 1 zuwa 3. Dararen da sama ta washe yakan faɗa ƙasa da sifili, a wayi gari motoci da ciyawa sun yi fari fat, hanyar ƙafa ta yi santsi. Dusar ƙanƙara ta fi zuwa a Janairu da Fabrairu, kuma a cikin gari ba ta cika daɗewa a ƙasa ba, a kan tuddan Pennines da ke arewa da gabashinku take zama. Sanyi mai tsanani sai iska ta juya ta fito daga arewa ko gabas, hakan kuwa ba kowace shekara ba ne.

Dubi yadda shekaru suka bambanta. Disambar 2010 ita ce mafi sanyi da aka gani cikin shekara 100, jirage suka tsaya cik a filin jirgin Heathrow na Landan ana saura mako guda Kirsimeti, matafiya suka kwana a ƙasa. Disambar 2015 kuma ta zama mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa, sai dai ruwa ya yi ɓarna: washegarin Kirsimeti koguna suka tumbatsa suka shiga gidaje a Salford da Rochdale, nan yankin Manchesta. A Disambar 2022 an yi kimanin kwana goma ana sanyi mai ratsa ƙashi, har aka rufe hanyoyin saukar jirage na ɗan lokaci a Manchesta da filayen Gatwick da Stansted na kusa da Landan. Ranar 1 ga Janairun 2025 ambaliya ce ta tashi yankin Manchesta, bayan kwana huɗu dusar ƙanƙara ta sa aka dakatar da jirage na wasu sa'o'i. Wato ana rufe filin jirgi, wannan gaskiya ne, amma yawanci na sa'o'i ne ba na makonni ba. Kuma guguwa da hazon sanyi mai laima suna soke jirage kamar yadda ƙanƙara take yi, alhali su babu mai turo maka bidiyonsu.

Ka sauke manhajar Met Office a wayarka ka sa sunan garinku. Gargaɗinsu launi uku ne. Ruwan ɗorawa, ka lura ka fita da wuri. Ruwan goro, ana iya rufe hanyoyi, wuta na iya ɗaukewa. Ja, akwai haɗari ga rai, ka zauna inda kake. Tun 2015 suke raɗa wa manyan guguwa suna, to in ka ji ana kiran guguwa da suna a labarai, ka duba jirginka da bas ɗin da kake shiga zuwa aiki. Sai ana saura kwana biyar ka tashi ya kamata ka fara bin hasashen da gaske. Kafin nan ɓata wa kanka rai ne kawai.

Abin da ba ya buƙatar hasashe shi ne duhu, kuma a ganina shi ya fi kayar da sababbin zuwa. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa a Manchesta sai wajen 8:20 na safe, kafin 4:00 na yamma ta faɗi. Yinin duka kimanin sa'a bakwai da rabi ne, kai kuwa ka saba da fiye da goma sha ɗaya a Kano. Mai dutin sa'a 12 cikin duhu zai fita, cikin duhu zai dawo. Azahar, La'asar da Magariba duk za su riske ka a wurin aiki cikin abin da bai kai sa'a huɗu ba. Ka sami shugabar sashenku tun yanzu ku yi maganar raba hutunka na rana gajeru-gajeru, ana samun fahimta idan an tambaya da wuri cikin ladabi. In kana da ramuwar azumi, ga lokacinta ya zo. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan bitamin D mikrogiram 10 kullum a kaka da hunturu, mu masu baƙar fata kuma duk shekara, domin ranar nan ba ta isar fatarmu. Allurar mura kyauta ce ga masu irin aikinka, ka yi ta kafin ka tafi. In kuma ka ga kasala da ƙuncin rai sun zauna maka makonni, ba raunin imani ba ne, ka ga likitanka, ka kuma daure ka riƙa fita sallar Juma'a ka gaisa da mutane.

Yanzu gawayi. Ƙanena, ka gaya wa abokin zamanka na ce a'a, kuma ko bayan ka tafi kada ya kuskura. A gida ma kusan duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka kwana da kaskon wuta a ɗaki ba su tashi ba, alhali ɗakunanmu iska tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa da saman bango. Gidajen nan an gina su ne don kada ɗumi ya fita, saboda haka hayaƙi ma ba ya fita. Gawayi yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi. Da ciwon kai, jiri da tashin zuciya take farawa, sai mutum ya ɗauka mura ce ya ja bargo ya kwanta, daga nan sai dai wani ya ba da labari. Kunna murhun girki na gas a bar shi don ɗuma ɗaki shi ma haɗarin ɗaya ne. Hatta turaren wuta, gara a yi shi a kaskon lantarki, in kuwa da garwashi ne to taga a buɗe, a kashe shi da ruwa kafin a kwanta.

Doka a Ingila ta ɗora wa mai gidan haya ya sa na'urar gano hayaƙi a kowane hawa, da na'urar gano wannan iskar guba a ɗakin da boila take, wato tukunyar da ke ɗumama gidan. Dole ya sa a duba kayan gas duk shekara ya ba ku takardar shaida. Gyaran hita da ruwan zafi ma a wuyansa yake. Ka ajiye lambobin nan a waya: warin gas 0800 111 999, ɗaukewar wuta 105, rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba 111, gaggawa 999.

Danshin da ka ambata kada ka raina shi. Baƙar fumfunar da ke tsirowa a kusurwar bango huhu take ci. A Rochdale, nan kusa da ku, a Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2, wanda iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu sanadiyyar fumfunar gidan da suke haya, bayan sun yi ta kai kuka ba a gyara ba. Da sunansa aka yi Dokar Awaab, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025 a kan gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje. Ko gidanku na mai zaman kansa ne, kana da hanya. Ɗauki hoto, rubuta wa mai gidan saƙo a rubuce, in ya yi biris ka kai maganar sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku. Kai ƙarar gidan haya ba ya taɓa bizar kowa. A naka ɓangaren, ka daina shanya wanki a ɗaki taga a rufe, ka buɗe tagar minti goma da safe ko ana sanyi, ka janye gado da akwatuna daga jikin bango.

Batun kuɗin wuta, yunit ɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu. Ƙaramar hitar nan ta lantarki da ake saya da sunan tattali ita ce mai cinye albashi idan ta kwana a kunne. Ku zauna da abokan zamanka ku yanke sa'o'in da za a kunna hitar gidan safe da yamma, ku raba kuɗin. Masana lafiyar ƙasar suna cewa ɗakin da ake zama kada ya gaza digiri 18. Sauran ɗumin a jikinka za ka neme shi: riguna sirara biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwa ɗaya, sai kwat mai hana ruwa, hula, safar hannu, takalmi mai kama ƙasa, da robar ruwan zafi a cikin bargo. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da kwat masu kyau da araha. Za ka ji abokan aiki suna maganar tallafin sanyi da gwamnati ke biya idan ma'auni ya sauka sosai. Irin bizarka tana da sharaɗin ba ka cin kuɗin tallafin gwamnati, wannan kuma yana ciki, shi da Universal Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Kada ka cike fom ɗin wani tallafi sai ka tambayi ƙungiyar Citizens Advice, kyauta suke ba da shawara. Ganin likita da albashin rashin lafiya da wurin aiki ke biya ba sa cikin hanin.

Mu zo kan takardu, nan nake so ka karanta sau biyu. Wanda ya tura takardar sabunta biza ko canjin wurin aiki daga cikin ƙasar, idan ya fita daga Birtaniya da Ayalan da ƙananan tsibiran da ke tare da su kafin a yanke hukunci, ana ɗaukar ya janye buƙatarsa. Ba ruwan Home Office, wato ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, da cewa biki ka je ko jana'iza. In aka tura takardunka ranar 5 ga Disamba, ka hau jirgi ranar 20 amsa ba ta fito ba, ka rushe abin da hannunka. Sau da yawa amsar takan fito cikin makonni kaɗan, amma ƙarshen shekara ba lokacin dogara da saurin ofis ba ne. Hanya biyu ce, ko a tura da wuri ka ga amsa kafin ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, ko a jinkirta har ka dawo. Ni ta biyu nake ba ka shawara. Domin ko amsar ta fito a kan lokaci, bizarka ta koma hannun sabon kamfani ke nan, hutun da tsohon ya ba ka ya tashi, sai ka fara roƙon hutu a wurin da ba su ma san fuskarka ba. Kamfanin da ke son ka da gaske zai jira wata guda. Kada ka ajiye aikinka na yanzu, kada ka fara sabon, sai amsa ta fito. Ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje da ke shafin gwamnati, ka tabbatar yana da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da tsofaffi. In suka ce ka biya kuɗi kafin su ba ka takardar ɗaukar nauyi, ka rabu da su, ba a yarda a ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi ba. Ka kuma karanta kwantiraginka na yanzu ko akwai sharaɗin mayar da kuɗi idan ka bar su da wuri. Mai ba ka shawara a kan biza, ya zama lauya ne ko mai rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar biza, ba wani "na san hanya" na unguwa ba.

Dalilin da ya sa nake tsanantawa: tun 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Wanda yake ciki yana iya sabuntawa ko ya canza wuri, amma wanda bizarsa ta lalace yana waje, ƙofar da ya shigo ta an rufe ta.

Fasfonka sabo shi ma yana da aiki a gabanka. Bizar yanzu ta intanet ce, eVisa, tana cikin asusunka na UKVI, wato sashen biza na Home Office, kuma da lambar fasfo kamfanonin jirage suke duba ta. In tsohuwar lamba ce a asusun, ma'aikacin jirgi a Abuja zai iya rasa ganin izininka, ka tsaya jayayya jirgi yana shirin tashi. Shiga asusun yau ka sa sabon fasfon, kada ka bari sai makon tafiya. Ka fitar da lambar shaidar izinin zama da asusun ke bayarwa, tana aiki kwana 90, ka rubuta ta a takarda. Ka tafi da tsohon fasfon, da takardar amincewa da hutunka, da takardar albashinka ta baya-bayan nan.

Ga kuma yanayin da ya kamata ka ji tsoro, wanda ka sani tun kana yaro, wato hazon gida. Mafi yawan ƙurar daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta ta biyo ta gabashin Nijar da Borno da Yobe ta sauka Kano da Katsina. Ƙarshen Disamba zuwa Janairu ganiyarta ke nan. In ta yi kauri, nisan da ido ke gani yakan faɗo ƙasa da mita 1,000, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta fitar da gargaɗi, jirage su yi ta jinkiri, a soke wasu, a karkatar da wasu wani gari. Dusar da ta sauka a filin jirgin Manchesta da motoci ake share ta. Hazon filin jirgin Malam Aminu Kano babu mai share shi, yana iya kwana biyu ko uku a zaune. Ga cunkoson ƙarshen shekara, jirgin da aka soke yau da wuya a sami kujera a na gobe.

To duba tsarinka. Tikitinka biyu ne a rabe. In hazo ya hana jirgin Kano tashi ka rasa na Abuja, kamfanin na biyu ba ruwansa, a wurinsa kai ne ba ka zo ba, sai ka sayi sabon tikiti a makon da ya fi kowane tsada. In tikiti ɗaya ne tun daga Kano har Manchesta, kamar waɗanda ke bi ta Alkahira ko Addis Ababa ko Doha, nauyin isar da kai yana kan kamfani. Ko ya ɗan fi tsada, shi za ka saya. In kuma dole sai ta Abuja, ka isa Abuja kwana guda cur kafin tashinka, ka riƙe a ranka cewa in jirgi ya ƙi akwai mota zuwa Kaduna da jirgin ƙasa daga Rigasa, tafiyar rana ba ta dare ba. Ka kuma san haƙƙinka. Duk jirgin da ya tashi daga Birtaniya, in aka soke shi ko don yanayi ne, dole kamfani ya sauya maka wani ko ya mayar maka da kuɗinka, ya ciyar da kai, ya ba ka masauki in kwana ya kama, sai dai babu diyya tunda laifin sama ne. A dawowa kuwa wannan doka tana aiki ne kawai idan kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai. Ka ga ke nan a ɓangaren da hazo yake, a nan kariyarka ta fi rauni.

Shi ya sa daren nan ɗaya bai isa ba. An ɗaura aure 27, an kai amarya, ka bar Kano 29 ko 30, ka kwana a ɗakinka na Bolton kafin sabuwar shekara. In Hajiya ba za ta sake ka da wuri haka ba, to tun yanzu ka nemi a matsar da dutinka na farko zuwa 5 ga wata, a rubuce. Ka tuna kai ne ka sami hutu a makon da kowa yake so, abokan aikinka su suka riƙe maka Kirsimeti, ba za su ji daɗin a kira su ranar 3 a ce ba ka iso ba. Makarar kwana ɗaya ko biyu ba ta soke biza, kada wani ya firgita ka. Ƙa'idar ita ce kamfani ya sanar da Home Office idan ma'aikaci ya yi fiye da kwanakin aiki 10 a jere babu izini, haka nan hutu marar albashi da ya haura mako huɗu a shekara yana iya kawo ƙarshen ɗaukar nauyin. Amma sabon ma'aikaci ba shi da kariyar wanda ya daɗe, kuma in aiki ya tafi, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya fita. In jinkiri ya same ka duk da haka, tun kana filin jirgi ka tura wa manaja imel da hoton sanarwar sokewar, kada ka jira sai ka iso.

Lafiyarka a gida. Wata takwas ko tara a Ingila ya isa ya fara rage juriyar jikinka ga zazzaɓin cizon sauro, kuma mafi yawan waɗanda ake samu da shi a ƙasar nan masu dawowa daga ganin dangi ne. Sauro yana raguwa da hunturu amma ba ya ƙarewa. Ka je kantin magani ko wurin likita a ba ka maganin kariya, ka kwana a gidan sauro. In zazzaɓi ya kama ka bayan ka dawo, ko da makonni sun wuce, ka nemi likita a ranar ka ce daga Najeriya kake, domin a Janairu kowa mura zai zata. Rani kuma lokacin sanƙarau ne, ka tambayi allurarsa. Katin allurar shawara ya kasance cikin fasfo. Takunkumin fuska saboda ƙura, man kaɗanya saboda kaushi, wannan ba sai na koya maka ba. Kwat ɗinka kuma ka riƙe shi a jakar hannu, don in akwati ya makara kada ka fito Manchesta da shadda kaɗai.

Kuɗi. Kai ne babba, idon kowa a kanka yake: kayan ɗaki, gara, anko, tsarabar gwaggo da inna, ga iyalinka. Kafin ka yi wa kowa alkawari, ware kuɗin hayar Janairu da na wuta, wanda a watan ne ya fi nauyi, da wani abu na ko-ta-kwana da zai iya sayen tikiti in ta ɓaci. Wurare da yawa suna biyan albashin Disamba da wuri, sai a ga kamar an sami ƙari, alhali na gaba sai ƙarshen Janairu. Abin da ya rage shi ne na biki, ka faɗa wa Hajiya adadinsa ita kaɗai, ta fi ka sanin yadda za a raba. A dawowa, kilishi, dambun nama da man shanu an hana shigo da su Birtaniya, za a ƙwace. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Saƙon da za a ba ka ka kai wa wani, a buɗe shi a gabanka ko na wane ne.

Ga masu karatu da za su zauna a nan: ranar 25 ga Disamba babu jirgin ƙasa, bas ma kusan babu, manyan shaguna a rufe, ranar 26 zirga-zirga kaɗan ce. Mai duti a ranakun ya shirya abin hawa tun yanzu, ya sayi abinci da magani, mai mitar kati ya loda ta kafin hutun.

Saura magana ɗaya, ƙanena. In ya zamana kafin amsar nan ta iso maka an riga an tura takardun canjin aikin, kuma ranar tafiya ta zo hukunci bai fito ba, to ka zauna. Na san nauyin abin, amma aure yana ɗauruwa da wakili, baffanku yana iya tsayawa a madadinka. Kada ka bari sai ana gobe ka faɗa wa Hajiya. Ka kira ta a makon nan ka yi mata bayanin sharaɗin dalla-dalla, cewa fita a wannan hali tana iya taɓa aikin da ake riƙe gidan da shi, ka kuma ba ta watan da za ka zo a maimakonsa, misali Fabrairu, lokacin da tikiti ya sauko. In ba a tura ba tukuna, ka kira sabon kamfanin gobe da safe ka ce sai makon farko na Janairu, sannan ka sayi tikitinka. Ka gaishe da Hajiya, Allah ya ba amarya da ango zaman lafiya.